Inna Hamsatu Tana Neman Mai Yi Mata Tsiya

A unguwarmu a Dakoro ba wanda zai ce ya taɓa ganin Inna Hamsatu zaune haka kawai. In ba ta suyar gyaɗa tana matsar mai, in ba ta matsar mai tana murza ƙuli-ƙuli, in aiki ya ƙare sai ta ɗauki tsintsiya ta sake share inda ta share ɗazu. Haifaffiyar Sabon Maci ce. Aure ya kawo ta gidan Arzika mai kora shanu kudu, kuma tun da ya rasu ita ta riƙe gidan da man gyaɗa. Ba kasuwar da ba ta ci a kewayen nan. Ɗan Gulbi, Ajekoriya, garinsu, duk inda mota ta nufa za ka hango ta a baya rungume da jarkokinta tana yi wa direba faɗan ya cika jinkiri.

Ni maƙwabcinta ne, Sa'adu, malamin Ingilishi a kwalejin garin, amma Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin boko a nan Nijar. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar ba ta tare komai, balle muryarta.

Jikoki ne suka fi cika gidan da hayaniya. A wurinmu ba kunya tsakanin kaka da jika, sai tsokana. Ta ce wa wannan mai kan kabewa, ta ce wa wancan raggon miji da ko kara ɗaya bai iya kawo mata ba. Su kuma su rama: "Tsohuwa, yaushe za ki mutu mu sha gumba?" Suna nufin gumbar geron da ake dakawa sadaka idan an yi rasuwa. Sai ta bi su da muciya tana dariya, tana cewa sai haƙoransu sun zube tukuna. Ta taɓa gaya mini haka kakarta ta rene ta a Sabon Maci, da tsiya tun daga safe, kuma har ta tsufa ba ta ga wanda ya so ta kamar tsohuwar nan ba.

Jika ɗaya ne ya gagare ta. Ɗanta Yazidu ya tafi Amurka neman abinci, ya auri 'yar can, suka haifi Amiru. Yaron bai taɓa taka Dakoro ba, Hausarsa kuma ba ta wuce gaisuwa. Ran Lahadi da la'asar Yazidu kan kira ta wayar da ake ganin juna, a tsayar da yaron cikin riga mai guga, ya ce, "Ina kwana, Kaka." Inna ta dube shi ta ce kunnuwansa sun yi faifai. Yazidu ya juya masa maganar da Ingilishi, amma ni da nake jiyowa ta katanga na san me yake juyawa: wai Kaka ta ce ka girma, ka yi kyau. Yaro ya sunkuyar da kai ya yi godiya.

Rannan bayan an kashe waya sai ga ta a ƙofata, hannunta duk mai.

"Mushe, mi Yazidu ke hwaɗa ma yaron nan? Na ce mashi mai kunnen faifai, shina mani godiya."

Na gaya mata gaskiya. Ta yi tsaye tana goge hannu a zane, ta fita, ta dawo, ta sake fita, ta dawo.

"Wanga yaro gaisuwar baƙuwa shike mani," ta ce. "In na mutu yau, ko a jikinshi. Ka koya mani yarensu in yi mashi tsiya da bakina."

Na ce ba zan iya ba. Yini nake ina fama da yara masu barci a aji, ba ni da sauran numfashin koyar da tsohuwar da ko lakkwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa shiga ba. Ban san da wa nake magana ba. Ta tare ni a hanyar masallaci, ta tare ni wurin mai shayi, ta aiko wa matata kwalbar mai, matata ta koma bayanta. Na gaji na ce to.

Ranar farko na zo da littafin 'yan ajin farko, na fara da gaisuwa. Ta ce in rufe. Gaisuwar ce ta kawo ta wurina, ba ita take nema ba. Ta ce in fara da kai, da kunne, da hanci, da ciki, sannan babba, da mummuna, da raggo. Ba ta zauna ba ko sau ɗaya. Ina kan turmi a kife, ita tana kai da komo tsakanin murhu da kwano, ina jefa mata kalma tana cafkewa, rabinta ya zube a hanya.

Abin da na lura da shi, wanda ya ba ni haushi da farko, shi ne ba ta riƙe komai sai abin da ya ba ta dariya. Na yi sati ina nanata mata kalmar kujera, ba ta zauna a kanta ba. Amma da na haɗa mata jimlar da ke cewa akuya ta fi Mushe hankali, ta yi dariya har ta dafa bango, kuma washegari da ita ta gaishe ni gaban mutane. Daga nan na daina ja da ita. Yadda ake cewa wani ya fi wani, da kawunan jikokinta muka koye shi. Abin da ya wuce, da labarin ranar da jaki ya kayar da ita a hanyar Ɗan Gulbi. Abin da zai zo, da barazanar dukan da za ta yi wa wanda ya taɓa mata ƙuli. Akuyoyin gidan sun sha zagi da Ingilishi. Masu sayen mai a kasuwa ma ba su tsira ba, ta faɗa musu magana ta kwashe da dariya ita kaɗai, su tafi suna waiwaye.

Bayan wata huɗu ko biyar ta ce ta shirya. Na ce ta ƙara haƙuri, ta ce haƙurin me, ita da ƙafarta ɗaya ke kabari. Lahadin nan ta sa sabon kallabi, ta kira ni in tsaya kusa. Aka tsayar da Amiru, ya yi gaisuwarsa. Inna ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar, ta ce da ƙarfi, kalma ɗaya bayan ɗaya:

"Amiru! Your head is bigger than my pot!"

Wato kansa ya fi tukunyarta girma. Ba kuskure ko ɗaya a ciki, ni kaina sai da na ji daɗi. Ta ja baya tana jiran ramuwa, bakinta a buɗe.

Yaron ya taɓa kansa. Idonsa ya cika da hawaye, ya juya ya bar wurin. Muka ji muryar uwarsa daga nesa tana magana da sauri, sai Yazidu ya dawo fuska a ɗaure.

"Haba Inna. Nan ba a yin haka. Yara na tsokanarshi da kan nan a lakkwal, yanzu ga kakarshi ma."

Lahadin da ta biyo ba a kira ba. Ta bayanta ma haka. Da aka kira daga baya, Yazidu ne shi kaɗai, ya ce yaro ya fita wasa.

Ban taɓa ganin Inna Hamsatu cikin irin wannan hali ba. Da ma ba ta zama, yanzu kuwa ko tsayuwa ta gagara. Ta ƙone gyaɗa kasko biyu a rana ɗaya. Ta tafi Ajekoriya ranar da ba kasuwa ta dawo. Ta ɗauki waya ta duba, ta ajiye, ta ɗauka ta kai wa mai caji alhali a cike take. Ni ta ɗora wa laifi, wai na ba ta kalmomi masu kaifi. Na ce ita ta zaɓa, muka yi kwana uku ba ma gaisawa. Amma tausayinta nake ji. Ta je neman jika ta kore shi da bakinta, kuma ta san haka.

Ita ta fara leƙo katanga.

"Mushe, na gane inda na ɓata. Yaro bai taɓa ganin an yi mani ba, ya za shi san wasa ne? Koya mani in zagi kaina."

Muka koma turmi. Wannan karon kanta ta sa a gaba: tsohuwa, mummuna, haƙora sun gudu sun bar ta, tsohuwar akuya. Tana faɗa tana dariya, amma dariyar ba ta kai ta da ba.

Ranar Babbar Salla dole a kira, kuma dole a kawo yaro ya gaida kakarsa. Inna ta tara jikokinta na nan duka a tsakar gida, ta ce kowa ya yi mata abin da ya saba, kada wanda ya rage. Ai kuwa kamar jira suke. Wannan ya ja kallabinta, wancan ya kwaikwayi tafiyarta, suka haɗa baki suna waƙar a mutu a sha gumba. Tana tsakiyarsu da muciya, tana ihu cikin waya da Ingilishinta cewa ita tsohuwar akuya ce, haƙoranta sun gudu, shi kuwa Amiru tsoron tsohuwar akuya yake ji? Yaron yana kallo, ido waje. Ya dubi uwarsa, ya dubi ubansa. Na ga kamar gefen bakinsa ya motsa. Sai rezo, wato layin waya, ya ɗauke, kamar yadda ya saba yi mana ranar salla, hoton ya daskare.

Ba mu san ko ya yi dariya ba. Inna ta tambaye ni har na gaji da amsawa. Na ce na ga bakinsa ya motsa. Ta ce motsin dariya ko na kuka? Na ce ban sani ba. Ta ce to amfanin karatuna me.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama ta, irin wanda ke kayar da tsofaffi. Na shiga dubiya na tarar da ita kwance da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Gidan ya yi tsit. Jikokin nan masu baki suna raɓe a ƙofar ɗaki, ba mai cewa uffan, don kowa ya san ba a maganar gumba a gaban wanda ke kwance da gaske. 'Yarta Mariama, wadda ta zo jinya daga Ɗan Gulbi, ita ta kira Yazidu ta kara mata wayar kusa da fuska.

Yazidu ya yi mata sannu. Ta amsa da ƙyar. Sai muka ji yaron yana cewa a ba shi. Ya bayyana ba riga mai guga, gashi a hargitse. Ya daɗe yana kallonta. Ina jira ya ce ina kwana Kaka, sai ya buɗe baki a hankali, yadda ake yi wa mai koyo magana:

"Old goat. You are lazy."

Tsohuwar akuya, wai ita ce ragguwa. Na sunkuya zan fassara mata, ta ɗaga hannu ta ture ni. Ta ji abinta. Idonta ya buɗe sosai.

Yaron ya waiwayi ubansa kamar mai neman izini. Ashe tun ranar salla yake damunsa da tambayar me yaran nan ke rerawa, har Yazidu ya gaji ya gaya masa. Ya matso da babban kan nasa, ya ce da wata irin Hausa mai karkatacciyar ƙafa:

"Kaka, gumba yaushe?"

Mariama ta dafe ƙirji ta ce, "Subhanallahi!" Yaran bakin ƙofa suka dubi juna. Maganar ta zo daidai lokacin da kowa ke tsoronta.

Inna Hamsatu ta dogara da gwiwar hannu ta ɗago. Dariya ta fara fito mata kamar tari, ta girma har gadon yana motsi, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. Ta ƙwace wayar daga hannun Mariama, ta nuna shi da yatsa, ta lalubo darasin abin da zai zo, wanda muka koya da barazanar duka:

"You will wait!"

Sai dai ya jira. Can ƙetaren teku yaron ya faɗi kan kujera yana ƙyalƙyala dariya, har da shura ƙafa.

Ta koma ta kwanta tana haki, wayar a kan ƙirjinta, ba ta yarda a kashe ba. Mariama ta ce ta huta haka nan. Ko kallonta ba ta yi ba, ni ta juyo ta harara.

"Mushe, kai kuma mi kake tsaye kana sharar ido? Jikana na jira. Yaya ake ce ma makwaɗaici da yarensu?"