Kabewar Miron ta Biyu

A ƙauyenmu in ka ce Miron Stepanovich, sai an tsaya an yi tunani. Amma in ka ce Miron Kabewa, ko yaron da bai iya sa takalmi ba zai nuna maka farar motar hayar da ke tsaye gaban kanti. Shi ke kai mu kasuwar Lubni ya dawo da mu, mu da bokitan madararmu da kajinmu, tun motar tana sabuwa har ta kai sai an ɗaure ƙofar bayanta da igiya.

Ubansa makanikin tarakta ne, don haka a ƙarƙashin mota Miron ya girma. Ya je soja ya dawo da gashin baki da tafiyar ƙasaita. Sunan kuwa ƙawata Solomiya ce ta jawo masa shi. Ya gan ta wurin rawa, wata bai zagayo ba ya yanke shawarar aurenta shi kaɗai. A lokacin samari sun daina wahalar da kansu, magana ce tsakanin mutum biyu sai a wuce ofis a sa hannu. Miron ya ce shi irin na da zai yi. Ya sa sabuwar riga, ya ɗauki dattawa biyu da burodin neman aure, ya bi ta tsakiyar gari da rana tsaka don kowa ya shaida.

Uwar Solomiya, Horpina, ta ce tunda irin na da ya zo, irin na da za a ba shi amsa. Yarinyar da ba ta so ba ta buɗe baki ta ce a'a, kabewa take ɗora wa saurayi a hannu. Solomiya ta shiga lambu ta gangaro da wadda ta fi kowace girma. Dattawan suka sulale ta bayan gida. Mai wayo da ya jefa ta a kwalbati ya bi ta gonaki, amma Miron ya rungume ta kamar jariri, ya koma ta hanyar da ya zo, mata na leƙe ta kan shinge.

Tun daga ranar bai sake cin faten kabewa da gero ba. Ko 'ya'yanta da kowa ke ɓarewa a bakin hanya ba ya taɓawa. In tsohuwa ta zo da kabewa za ta kai kasuwa, sai ya ce ko ta ɗora a rufin mota ko ta tafi a ƙasa. Kuma bai sake tambayar wata mace ba.

Ban da wannan, ba ka raba shi da kirki. Yana jiran tsofaffi ko da sun makara, yana sayo wa marasa lafiya magani daga gari, ya san wa ke gaba da wa, ya san yadda zai zaunar da su kada a yi dambe kafin a isa gada. Ya yi jinyar uwarsa har ta rasu, ya ci gaba da zama shi da amyoyin zumansa.

Ni ce Odarka, mai cuku da kirim. Bayan mijina ya rasu na fara bin motar kasuwa, sannu a hankali kujerar gaba ta zama tawa. Yakan goge ta da hularsa kafin in zauna. Ya gyara min shinge, ya faskara min itace, ya sha shayina a tsaye bakin ƙofa yana ba ni labarin tsadar taya. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye ba, kuma na san yana sona, don ba a yi wa shinge ɗaya gyara kowane wata. Abin da nake jira kawai ya buɗe baki. Har daina shuka kabewa na yi a lambuna don hankalinsa ya kwanta. Duk gari sun lura ban da shi. In ka ce me ya hana ni in fara magana, to na riga na yi wa namiji ɗaya komai har na binne shi, wannan karon ina so a tambaye ni.

Ana haka sai labari ya zo cewa Solomiya za ta zo gida. Ta daɗe a Fotugal tana kula da tsofaffin mutane, a can ta yi aure, kuma wannan ne karo na farko da za ta kawo mijin. Miron ya wanke mota har ƙarƙashinta. Ya rina gashin bakinsa ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa man takalmi, ya sa kwat cikin zafin kaka, muka tafi tashar jirgin ƙasa. A ransa wani dogon attajiri yake jira.

Sai ga wani gajere mai sanƙo da tumbi ya sauko yana dariya, jakunkuna sun rufe shi. Sunansa Abilio, aikinsa shimfiɗa tayil. Kafin a gama gabatar da su ya yi ɗage ya sumbaci Miron a kumatu biyu.

Miron ya raɗa min, "Wannan ne? Saboda wannan?"

Na ce, "Ba saboda shi ba ne, lokacin ba ta san da shi a duniya ba. Saboda kai ne."

Solomiya ta shiga jan mijinta gida gida, wurin ƙawayenta da 'yan ajinmu, kowa ya shimfiɗa tebur. Kalma uku ya iya a harshenmu: na gode, da daɗi, ya isa. Ta ukun ba wanda ya taɓa kula ta. Ya sha miyar gwoza ja har ya yi gumi, ya ci kitsen alade da tafarnuwa yana lumshe ido, ya kurɓi barasar gida ta maƙwabcinmu ya yi tari har da hawaye, aka tafa masa. Ya taya surukarsa haƙar dankali, rabinsa duk ya sare da shebur, amma Horpina ta ce ba ta taɓa ganin suruki irinsa ba.

Miron ke kai su ko'ina, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Nufinsa ya nuna wa Solomiya irin mutumin da ta yi asara. Abilio kuwa ya ɗauka ya yi aboki. Ya riƙa binsa wurin zuma, ƙudan zuma suka harbe shi a sanƙo bai daddara ba. Suka riƙa zuwa kamun kifi, su wuni ba mai jin maganar wani, su dawo suna dariya.

Miron ya ce min, "So nake in ƙi mutumin nan, ya ƙi ba ni dama."

Ranar Lahadi, an fito daga coci, gari duk yana gaban kanti, sai muka hango Abilio yana turo baro daga gidan surukarsa. A cikin baron akwai kabewa wadda mutum ɗaya ba ya iya zagaye ta da hannu. Ya wanke ta tana ƙyalli. Ashe a garinsu in mutum ya yi maka alheri, abin da ya fi kyau a lambu kake kai masa, kuma Solomiya ba ta taɓa ba shi tsohon labarin ba. Horpina ta rantse tana akurkin kaji lokacin da ya tsinko ta. Ban yarda ba, don baron nan a ɗaki take kulle shi.

Ya tsaya gaban Miron, ya sunkuya da nishi ya ɗago ta, ya ɗora masa a hannu, ya ja da baya ya dafa ƙirji ya ce, "Na gode!"

Sai wani tsoho ya ce, "Miron, shi ma ya ƙi ka?" Dariya ta fashe. Mai kanti ta zauna a kan matakala tana riƙe ciki, har limamin coci ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Abilio ya ga kowa na farin ciki, shi ma ya shiga tafi. Ni ban yi dariya ba. Na ga kunnuwan Miron sun yi ja, zuciyata ta yi min zafi. Ba a mayar wa baƙo kyauta. Ya ce ya gode, ya rungume kabewar ya bi tsakiyar gari zuwa gida, ya bar motar a buɗe.

Da Solomiya ta ji, ta yi wa mijinta bayani da ƙarfin da ya isa a ji a ƙauyen gaba. Da la'asar ta jawo shi gidan Miron ya ba da haƙuri, ni ma na bi su, wai na kawo cuku. Muka tarar da shi zaune a benci, ya cire kwat, kabewar na gefensa.

Solomiya ta ce, "Ka yi haƙuri, Miron. Wannan sakaran bai sani ba."

"Ba komai. Na saba karɓa daga gidanku."

Abilio ya zauna kusa da shi, ya yi ta zuba magana a yarensu yana ɗaga hannu, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya tsaya ya yi tambaya. Solomiya ta harare shi ta ƙi fassarawa, sai da na zungure ta.

"Wai cewa ya yi, bayan na ba ka kabewar, da ka dawo me na ce."

Miron ya ce, "In dawo ina?"

Ta mayar masa. Abilio ya zaro ido, ya dubi Miron, ya dube ni, ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

Solomiya ta fassara, "Wai sau ɗaya kawai ake tambaya a ƙasarmu?"

Daga nan ya shiga lissafi da yatsu, yana nuna matarsa. Ya tambaye ta a gidan tsohuwar da take wa aiki, ta ce a'a. Ya tambaye ta a bakin teku, ta ce ya je ya rage tumbi. Ya zo da furanni, ta rufe ƙofa a kan ƙafarsa, har ya cire takalmi zai nuna mana farcen. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare ya koma ɗayan.

Miron ya ce, "Tambaye shi, mutane ba su yi masa dariya ba?"

"Ya ce har waƙa aka yi masa a unguwa."

"To ya ya yi?"

"Wai ya ci abinci ya kwanta, da safe ya tafi aiki." Ta gyara ɗankwali ta ƙara da nata. "Kai ko ka dawo sau ɗari ba zan aure ka ba, Miron, ni gari nake so in bari. Amma ban ce ka yi zaman makoki har ka yi furfura ba. Dubi yadda ka ɓata gashin bakinka."

Miron ya daɗe yana kallon ɗan gajeren mutumin nan da ke ƙoƙarin mayar da takalmi.

Ran kasuwa mota ta cika maƙil, Solomiya da Abilio na baya za su sayo tsaraba. Miron bai yi maganar taya ba, bai yi maganar komai ba. Mun wuce gada muna tsakiyar gonakin masara sai ya taka birki ya kashe mota. Mutane suka fara ƙorafi, wai ta sake lalacewa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa na kan titi.

"Odarka, za ki aure ni?"

Shekara da shekaru ina shirya amsar nan. Amma da na buɗe baki, sai duk lokacin sanyin da na yi ni kaɗai ya faɗo min a rai, na tuna kofunan shayin da aka sha min a tsaye, haushi ya rufe min ido.

Na ce, "A'a. Sai yanzu?"

Ko kajin da ke cikin kwando sun yi shiru. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya murɗa makulli, mota ta tashi, muka ci gaba da tafiya. Na zauna da bokitin cuku a cinya ina jin kamar in fasa ihu. Na san mutumin nan, na san abin da a'a ɗaya ta yi masa, ga shi da bakina na ƙara masa wata a gaban rabin gari. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na so in ce wasa nake, harshena ya ƙi motsi.

Muka wuce gonakin, muka wuce tsohon gidan mai. Rufin gidajen Lubni ya fara bayyana. Ta madubi na ga Abilio ya miƙe tsaye a tsakiyar mota, kansa bai ma taɓa rufi ba, gumi kawai yake yi.

Sai Miron ya sake taka birki. Bokitai suka kife, wata tsohuwa ta zage shi har kakansa. Wannan karon ya saki sitiyarin ya juyo ya dube ni.

"Odarka. Na sake tambaya."

Kuka ya ƙwace min, na kasa magana, sai kai nake ta gyaɗawa kamar wata yarinya.

Daga can baya tsohuwar da ta yi zagin ta ɗaga murya, don kunnenta ba ya ji sosai. "Me ta ce?"

Miron ya share fuska da hannun riga. Ya yi gyaran murya.

"Ta ce to, Kaka."