Yadda na yi karatun jarrabawa ido a ɗaure

Jama'a, assalamu alaikum. Fiye da shekara hamsin ɗalibaina suna tambayar abin da ya sami idona na hagu, ni kuwa sai in ce musu ƙaddara ce, in ja bakina. Yau zan faɗa. Ƙaddara ce, amma da hannuna na zuba ta.

A farkon shekarun saba'in ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. Saura mako bakwai jarrabawar fita aka ba mu hutu, na dawo gida Gwangwan da akwati cike da littattafai.

Lokacin ne ciwon idon nan da ake kira afolo ya game gari. Na je kasuwar Rogo lafiya lau, washegari na tashi ido ya yi jajawur, kwantsa ta manne shi, kamar an watsa mini yashi.

Kowa ya ce in yi haƙuri, kwana bakwai yake yi ya tafi. Ni da nake ƙirga kwanaki, ina na ga bakwai na zubarwa? Wani mutum a bakin kasuwa ya ce in jiƙa garin taba da kanwa in ɗiga, kwana ɗaya zai wanke shi tas. Ni ɗan kwaleji guda, mai karanta kimiyyar lafiya, na je na aikata.

Wayyo Allah! Ihun da na yi har maƙwabta sai da suka shigo.

Mahaifina malamin allo ne, bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Shi ya goya ni a keke har ɗakin shan magani na Karaye. Malamin asibitin ya buɗe idon, ya wanke, ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfina. Ku wuce Kano yau ɗin nan."

A bayan motar gyaɗa muka tafi. Baba ya sayar da ragon da yake kiwo don layya.

A asibitin ido aka yi ta wankewa, ana ɗiga magani safe da rana da yamma, aka naɗe idon duka biyun da bandeji. Likita ya ce, "Na dama za mu cece shi in sha Allah. Na hagu ban yi alkawari ba. Littafi kuwa kada ka kusance shi sai na ce."

Na ce, "Likita, jarrabawa gare ni."

Ya ce, "Ido gare ka tukuna."

Ranar na yi kuka, kuma kuka cikin bandeji zafi gare shi. Tsoro biyu ne suka haɗu mini: makanta, da shekara biyar ta kwaleji ta tafi ba takarda.

Baba ya bari na gama, sannan ya ce, "Kai Sule, makaho nawa ka gani sun haddace Alƙur'ani a gabana? Da wane idon suka yi?"

Na ce, "Baba, boko daban ne."

Ya ce, "Kan da za a zuba shi ma daban ne?"

Da aka sallame mu, aka ce mu riƙa komawa ana dubawa, sai ya aika garin Zoza aka kira Isiyaku, abokina ɗan ajinmu. Isiyaku ya naɗo tabarmarsa ya tare a zaurenmu.

Rana ta farko ya buɗe littafin tarihi ya kama zuba kamar rediyo. Baba ya tsayar da shi.

"Haba Isiyaku, wa ya taɓa biya wa mutum izu guda a zama ɗaya? Allo ɗaya za ka ba shi."

"Allah gafarta Malam, babin ne da tsawo."

"To a yanka shi."

Haka aka tsara. Isiyaku ya karanta ɗan guntu sau uku, ni in mayar. Ba a wucewa sai na kawo shi daidai. Kowace safiya kafin sabon darasi sai na yi tilawar na jiya da na shekaranjiya. Baba yana gefe, ba ya jin Turanci, amma da na yi gargada zai ce, "A sake, bai zauna ba." Wani lokacin ya ce in faɗa masa ma'anar da Hausa. In na kasa, ya ce aku nake yi.

Da muka koma kan tambayoyin shekarun baya, ya hana ni amsawa sai an biya tambayar sau biyu. Lissafi kuwa a ƙasa nake zana shi da yatsa, Isiyaku ya duba.

Saura kwana biyar aka kwance bandejin. Na dama ya ga fuskar likita tangaran. Na hagu hazo kawai, kuma haka yake har yau. Likita ya ce in je in rubuta, amma in riƙa rufe ido ina hutawa.

A ɗakin jarrabawa sai in karanta tambaya sau biyu, in rufe ido, amsar ta zo.

Na ci. Isiyaku ma ya ci, har ya fi ni, yana ta yi mini tsiya wai ciwon idona ne ya yi masa rana.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa ma'aikatan nan da alheri.

Ɗalibai, ku ji ni. Kada gaggawar jarrabawa ta sa ku zuba wa ido abin da likita bai ba ku ba. Ku yanka karatu ƙanana, ku maimaita na jiya, ku sami wanda zai riƙa tambayarku littafi a rufe.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa da ido ɗaya, kuma duk abin da na biya wa yara daga karatun nan, da muryar Isiyaku nake jin sa a kaina. Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi jana'izarsa a Zoza. Don Allah duk wanda ya taɓa zama a ajina, ya yi masa addu'a, shi ma malaminku ne.