Tsohuwar da Ba Ta Ci Sai Baƙuwa Ta Ci

Ko zan manta sunan titin da na zauna a Kuala Lumpur, wallahi ba zan manta wata azahar a gidan kula da tsofaffi na Cheras ba. Lokacin ina digiri na biyu a aikin jinya, aka tura ni can koyon aiki.

Aka haɗa ni da wata tsohuwa 'yar ƙasar, siririya, wadda ciwon mantuwa ya kama. Ta daina cin abinci, har likita ya ce in aka ci gaba a haka, roba za a zura mata ta hanci. Kullum sai in ɗaura mata tawul a wuya, in tsaya a kanta da cokali. Ita kuwa ta turo mini farantin, ta ce, "Makan, makan," wato ci. Ni kuma Bakanuwa sarkin kunya, sai in dafa ƙirji in ce na ƙoshi. Haka aka koya mana a gida, in an yi miki tayi ki ce alhamdulillahi. Sai ta rufe baki gam, ta mai da ido taga.

Ran nan ruwa ake tsugawa, irin na garin nan mai zuwa ba sallama. Fanka na juyawa a hankali, ƙamshin shinkafa da madarar kwakwa ya cika ɗakin. Ina tsaye da cokali, hankalina ya lula gida. Ga kakata a tsakar gida, ta tasa kwano a gaba, tana cewa, "Ke, zauna! Ni ɓarauniya ce da za ki tsaya mini a ka?"

Na dubi shugabar ma'aikatanmu, na nuna farantin, na nuna bakina. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Boleh lah," wato ba komai.

Na kwance tawul ɗin, na ajiye cokali, na wanke hannuna da nata, na zauna. Na yi bismillah na kai loma. Wayyo, yaji! Hawaye ya zubo mini shar. Tsohuwar nan ta tuntsire da dariya, ta turo mini ruwa, tana bubbuga bayana. Sannan ta sa yatsunta masu rawa, ta dunƙula shinkafa, ta ci. Wata ta zube mata a cinya, na yi kamar ban gani ba. Daɗi ya kama ni har na rasa na yajin ne hawayen ko na murna.

Da 'yarta ta zo dubiya na ba ta labari, sai ta ce, "Tun muna yara, Mama ba ta taɓa kai loma baki kafin baƙonta ba."

Ashe ni nake ganin majinyaciya, ita kuwa uwar gida ce da ta yi baƙuwa. Ba a sa robar ba. Na koyi cewa tsoho yakan manta sunan 'ya'yansa amma ba ya manta mutuncinsa, kuma tun daga ranar ban ƙara ciyar da kowa ina tsaye ba.