Kwalbar da Na Zubar a Bur Dubai

Wata uku na gwaji suka ba ni a gidan. Saura mako biyu wa'adin ya cika na tafka ɓarnar da ta kusa mayar da ni inda na fito.

Inda na fito kuwa unguwar Hor Al Anz ce, a cikin Dubai. Aikin gwajin jini ya kawo ni Dubai, a wani ƙaramin asibiti da ke unguwar Bur Dubai, kuma shekarata ta farko a ɗaki ɗaya na yi ta da mata biyar, gadaje hawa biyu, ni a sama. Layin banɗaki tun asuba, ga mai minshari a ƙasana, ga doguwar tafiya kullum. Shi ya sa ranar da na ji cewa wasu mata biyu suna neman ta uku a filat ɗinsu, ɗaki na mutum shi kaɗai, har da taga, kuma da ƙafa ake zuwa wurin aikina, ban ko tsaya cin abincin rana ba.

'Yan Poland ne su biyun. Babbar ta kai shekara hamsin, aikin gashin ƙashi take yi, kuma da sunanta aka kama gidan, saboda haka maganarta ce magana. Ƙaramar sa'ata ce, tana karɓar baƙi a wani otal. Babbar ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini silifas na cikin gida, ta ce a gwada wata uku a gani. Ko murmushin nan na karɓar baƙo ban samu ba.

Ni kuwa 'yar Zariya ce, da gaisuwata nake yawo. Da safe sai in jero mata: ina kwana, ya gajiya, ya aiki, ya mutanen gida, ya jikin mama. A kwana na uku ta ajiye kofin shayinta ta tambaye ni, tsakaninta da Allah, me ya haɗa ni da mahaifiyarta da ban taɓa gani ba. A wurinmu wanda bai tambayi lafiyar iyayenka ba shi ake yi wa kallon mara tarbiyya, a nan kuma ni ce mai shisshigi.

Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suke amsa gaisuwa a tsakaninsu. Ƙaramar za ta ce wa babbar yaya kike, sai ta zauna ta lissafo: bayanta na ciwo, hanya ta cunkushe, burodin garin nan kamar soso. Ƙaramar ma ta zazzage nata, su tashi suna dariya. Amma in ni na tambaya, amsa ɗaya ce, lafiya, na gode. Da na yi wa ƙaramar maganar sai ta ce ai haka abin yake a wurinsu, bare ake ce wa lafiya, ƙorafi kuwa na 'yan gida ne. Na riƙe wannan magana a raina, kuma ta ɗan yi mini ciwo.

A jikin firij akwai takarda: wa ke share falo, wa ke wanke banɗaki, wa ke fitar da shara, kowa da ranarsa. Cikin firij ma kowa da hawansa, tukwane kowa da nasa. Wannan na tukwanen ya yi mini daɗi, don suna cin naman da ba na ci, kuma ba su taɓa kusantar da shi kayana ba. Amma sauran tsarin ya riƙa ba ni dariya. Mu a gidanmu ƙaramin gida ba ya jiran takarda, in ya ga aiki sai ya kama. Na ƙudura cewa zan nuna musu irin tarbiyyar da aka ba ni.

Ranar wata Alhamis ina hutu, su suna wurin aiki, na ɗaura ɗankwali na shiga kicin. Na wanke bango, na goge tagogi, na hau kujera na leƙa saman kabad. Can a lungu na tarar da wata kwalba an rufe bakinta da ƙyalle. A ciki wani ruwa ne mai launin toka, gari ya kwanta a ƙasa, tafarnuwa da busassun ganye suna yawo a sama. Na shinshina, tsami ya dake ni. Na ce oh, Turawa da tsabtarsu, ashe su ma suna manta abu har ya lalace. Na tuntsurar da shi a wurin wanke-wanke, na wanke kwalbar tas da sabulu, na kife ta ta bushe. Har waƙa nake yi.

Da yamma babbar ta dawo. Ina ɗaki ina jiran yabo. Shirun da na ji ya yi tsawo, sai na fito. Tana tsaye da kwalbar a hannu, fuskarta ta yi ja har kunne.

"Wa ya ce ki taɓa?" in ji ta.

Na fara bayani. Ba ta saurara ba. Ta ajiye kwalbar a hankali, ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa.

Ƙaramar ce ta warware mini. Abin da na zubar tsamin miyar bikin Ista ne, kuma saura kwana goma bikin. Da garin wani hatsi na ƙasarsu ake yi, ɗan'uwan alkama amma ya fi ta duhu, a jiƙa shi a bar shi ya yi tsami. Shekara biyu babbar tana gwadawa a Dubai yana ƙi, ko ya yi fumfuna ko ya zauna salam kamar ruwan wanki. A bana ne da ta je gida mahaifiyarta ta ɗebo mata cokali biyu daga nata, ta riƙo shi har nan, ya kama. Kullum da safe sai ta hau kujera ta juya shi kafin kowa ya tashi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni ce fa na girma a gidan da ake dama koko. Gwaggona shekara da shekaru tana sayar da shi a ƙofar gidanmu, warin gasara a hancina na tashi. Da a roba na gan shi a tsakar gidanmu, da ko kusa da shi ban je ba. Don na gan shi a kwalba a gidan Turawa, sai na ɗauka ƙazanta ce.

Washegari na yi abin da na iya. Na ba ta haƙuri da safe, na sake ba ta da rana ta waya, da yamma na tare ta a bakin ƙofa har da ɗan rusunawa. Na dafa shinkafa da miya na ajiye mata, ta mayar mini da kwanon hawana na firij ko buɗewa ba ta yi ba. Na roƙi ƙaramar ta shiga tsakani, kamar yadda ake tura babba ya ba da baki. Ƙaramar ta ce in rufa wa kaina asiri in daina, don kowane ban haƙuri ƙara tunzura ta yake yi. Sannan ta sassauta murya ta gaya mini cewa babbar ta ce idan wata ukun ya cika za a nemi wata a madadina.

Gadon nan na sama kawai nake gani.

Ranar Asabar na kira gwaggo. Na ba ta labari tun daga farko, ina sa ran ta lallashe ni. Dariya ta yi har tana tari.

"Ke 'yar nan, duk karatun naki? Wato kina gwada jinin mutane amma ba ki san tsami ba?"

Da ta gama yi mini tsiya sai ta shiga tambaya kamar likita. A me aka jiƙa, da wane ruwa, ina aka ajiye. Ta ce ita ba ta san hatsin Turawa ba, amma tsami duk inda yake halinsa ɗaya ne: ba ya son sanyi mai yawa, ba ya son zafi mai yawa, kuma ba ya son ruwan famfo mai warin magani. Ta ce in nemi tukunyar ƙasa, in fara yin gasarar gero, in ruwan samanta ya yi tsami in ɗebi ludayi guda in ba wa garin nasu, shi zai ja shi.

A ranar na hau abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane mashigin ruwan da ya raba garin, na nufi unguwar Al Buteen inda 'yan kasuwarmu suke. Na samu gero a shagon wani Alhaji Bakano. Da ya ji abin da zan yi da shi ya riƙe baki ya ce, "Hajiya, koko za ki dama wa Turawa? Khalas, shi ke nan, Allah ya ba da sa'a." Tukunyar ƙasa a shagon wasu Indiyawa na same ta. Garin kuma ƙaramar ce ta rubuta mini sunansa a takarda, tare da ganyen da 'ya'yan yajin da ake sawa, na je babban kanti na sayo nawa. Ko ƙwaya ban taɓa a kabad ɗin babbar ba, na riga na koyi wannan darasi.

Na jiƙa gero ya kwana, na markaɗa a bilenda lokacin da ba kowa, na tace da tsohon mayafina. Ranar Talata ruwan saman ya ɗauki tsamin da na sani tun ina yarinya. Na dama garinsu da ruwan gora a tukunyar, na jefa tafarnuwa da ganye, na zuba ludayi ɗaya na ruwan gasara da bismillah, na rufe da ƙyalle.

Wurin ajiya ya ba ni wahala. Falo na'urar sanyi ba ta hutawa, baranda kuma ko ƙwai aka ajiye sai ya dahu. Ƙarshe dai cikin kabad ɗin kayana na tura tukunyar, ƙarƙashin dogayen riguna. Safe da yamma ina juya ta da cokalin katako. Ranar farko shiru. Rana ta biyu shiru, har na fara karaya. A rana ta uku na buɗe na ga ƙananan kumfa suna tasowa, na zauna a ƙasa ina ta hamdala. Duk kayana suka ɗauki warin tafarnuwa, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko maganin mura nake sha.

Asabar da safe, ana gobe bikin, na tarar da su a kicin suna rina dafaffen ƙwai da launi, kamar yadda suke yi a bikin. Na ɗauko tukunyar na ajiye a tsakiyar tebur. Ban ba da haƙuri ba, ban yi gaisuwa mai tsawo ba. Na ce wannan maimakon wanda na zubar ne, in bai yi ba ta zubar, sai mu zama ɗaya.

Babbar ta dubi tukunyar, ta dube ni. Ta ɗaga ƙyallen ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe a haka. Ta ɗauko cokali ta ɗanɗana. Ta sake ɗanɗanawa.

"Tafarnuwa ta yi yawa," in ji ta. "Kuma wa ke yin wannan a tukunyar ƙasa mai faɗin baki haka? Ga shi bayana tun jiya yake ciwo, yanzu sai na tsaya a kan wuta awa biyu."

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai na ji ƙaramar ta take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na dube ta, idonta ya cika da dariya. A nan na tuna. Ƙorafi ne fa ake yi mini, ni, har da ciwon baya.

Sai na gyara tsayuwa na ce ai ni ma kwana huɗu ina wari kamar kasuwar kayan miya, duk rigunana sun lalace, kuma kujerar da ake hawa a kicin ɗin nan ƙafarta ɗaya rawa take yi. Babbar ta ce ta daɗe tana faɗa ba mai ji. Ta ja mini kujera na zauna.

Ta tambayi yadda na yi ya kama. Da na ambaci gero da gwaggo sai ta ce in kira mata ita ta gan ta. Haka aka yi, ni a tsakiya ina fassara, mata biyu da ba sa jin yaren juna suna gardama a kan ko tsami yana son a rufe shi ruf ko a bar masa iska. Gwaggo ba ta sauka ba, ita ma ba ta sauka ba.

Ranar Lahadi tukunya ɗaya aka yi, ba biyu ba. Da kanta ta je ta sayo sosej na naman shanu a shagon halal, kuma a tukunyata ta girki ta dafa, bayan ta nemi izini. Miyar fara ce mai kauri, da rabin ƙwai a ciki. Loma ta farko na ji kamar an haɗa koko da farfesu, ban san ko in so ta ko in ƙi ta ba. Kwano biyu na sha. Ita kuwa ta ɗauki hoton kwanonta ta aika wa mahaifiyarta, ta juya baya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara, na ga tana share ido. Na yi kamar ban gani ba.

Ba wanda ya sake ta da zancen wata uku. Ranar da wa'adin ya cika na fito da safe na ga an sauya takardar jikin firij. An ƙara sabon layi a ƙasa, juya tukunya, kuma duk kwana bakwai na mako sunana ne a wurin. Na tsaya ina kallo ina murmushi ni kaɗai, daɗi ya cika ni har wuya.

Shekara huɗu na yi a gidan. A hutunta na gaba babbar ta ɗebi cokali biyu daga tukunyata ta kai wa mahaifiyarta, ta dawo ta ce tsohuwar ta haɗa da nata, kuma ta ce a gaya mini tafarnuwa ta yi yawa. Da na gaya wa gwaggo cewa tsamin geronta yana can a kicin ɗin wata tsohuwa a Poland, sai ta ce in sun gama da miya su aiko a koya musu koko.