Wurin Wa Za Mu?

Baba ya zo Kuala Lumpur bikin kammala karatuna, sai na ga ya kamata ya ɗan ga duniya kafin ya koma gonarsa. Na yankar mana tikitin Maldives, ƙasar da duk tsibirai ce, na zauna kusa da shi a falonmu na unguwar Pantai Dalam ina nuna masa hotuna a waya: farin yashi, ruwa garai-garai, Turawa da tabarau suna leƙen kifi.

Ya kalla tsaf, sannan ya ce, "To, wurin wa za mu?"

Na ce ba wurin kowa ba, yawon buɗe ido ne.

"Idona a buɗe yake. Mutum ya hau jirgi ba gaisuwa, ba ta'aziyya, ba fatauci? Ai sai mai taɓin hankali."

Taurin kaina a wurinsa na gado shi. Tun da na yi wayo ban taɓa yi masa ƙarya ba, amma ranar bakina ya riga ni. Na ce ina da aboki a can, babansa tsoho ne, ya daɗe yana son su gaisa. Nan take Baba ya yi mini faɗan rashin faɗa da wuri, ya buɗe akwati ya ware sabuwar hula da kwalbar turare.

Muna sauka daga kwale-kwale a tsibirin na ja mai masaukinmu gefe. Saurayi ne, bai taɓa ganina ba. Na ce masa da Turanci, "Kana da uba?" Da a Kano ne, da mari zan sha. Shi kuwa ya nuna wani tsoho a gindin kwakwa yana gyaran raga. Na roƙe shi ya zama abokina na kwana uku, ya yarda yana dariya.

Haka aka zauna gaisuwa da tafinta biyu. Baba ya faɗa da Hausa, in juya Turanci, saurayin ya juya yarensu. Baba ya ce, "Yaya ruwa?" Maganar ta je ta dawo: "Ya ce ruwa yana nan ta ko'ina." Baba ya jinjina kai, ya ce wannan mutum ne mai godiyar Allah. Ya tambayi yadda gero ya yi bana. Tsohon ya yi dogon bayani a kan kifi, ni kuma na ce an samu, alhamdulillahi.

Sauran kiris asirina ya tonu da abokin nawa ya kira ni "Room three", don shi lambar ɗakina kawai ya sani. Na ce laƙabina ne na makaranta. Daga ranar Baba bai sake kirana da sunana ba, sai Rumtiri.

Rana ta biyu dattawan suka sallame mu, mu tafintoci. Baba ya ce, "Ku je wasan ruwanku." Aka sa mini rigar hana nutsewa da bututu a baki, aka jefa ni teku. Na ga kunkuru, na ga wani kifi da aka ce yana iya cin mutum, ban ji komai ba, domin tsorona yana can gindin kwakwa. Da na dawo na tarar Baba yana zuba Hausa, tsohon yana zuba tasa, hular tana kansa a karkace, suna dariya a wuri ɗaya. Tare suke zuwa masallaci, tare suke dawowa. Ko ƙafarsa Baba bai tsoma a tekun ba.

Ranar tafiya ya tsare ni a bakin ruwa. "Shekara huɗu kana da mutane irin waɗannan, ba ka taɓa zuwa ba? Zumunta a ƙafa take, Rumtiri." Kunya ta kama ni sosai. Na ce zan faɗa masa gaskiya a jirgi, sai ya yi barci. Na ce sai mun isa Kuala Lumpur, sai na ga yana ba maƙwabta labarin amininsa. Har na raka shi filin jirgi ban iya ba.

Bayan girbi Baba ya rasu. Kwana uku da yin haka Inna ta kira ni, muryarta a dushe. Ta ce an sanar da kowa, saura amininsa na tsibiri, ni kaɗai ke da lambarsu.

Na daɗe riƙe da wayar kafin na buga. Saurayin ya ɗauka da fara'a, yana tambaya ɗaki nawa nake so. Na gaya masa. Ya ce in jira. Na ji takunsa a kan yashi, na ji ya yi magana, sannan muryar tsohon ta zo, a hankali, ta daɗe tana faɗar abin da ban sani ba. Saurayin ya juya mini: babansa ya ce ya gyara wa Baba wurin zama tun watan jiya, ya zaci zai sake zuwa.

Na buɗe baki in juya maganar zuwa Hausa, sai na tuna babu wanda zan juya wa.