Ranar da Na Ƙi Shiga Gidan Katako

Ko da zan tsufa har in riƙa mance sunayen jikokina, ba na jin zan manta da yammacin da na ƙi shiga wani tsohon gidan katako a ƙasar Japan. Har yau idan abin ya faɗo mini, kunya ce take fara rufe ni.

A lokacin ina direba a Doha, a gidan wani dattijo Balarabe da kowa yake kira Baba. Tuƙi aka ɗauke ni yi, amma da korona ta kwantar da shi, ya tashi ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, sai aikina ya koma ɗagawa da saukewa, daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa mota. Ni ƙato ne, shi kuwa ya rame, kuma bai yarda kowa ya ɗauke shi ba sai ni.

Da gasar cin kofin duniya ta ƙarato, Doha ta cika maƙil. Abokaina na unguwar Mansura ba su da zance sai na tikiti. Ana haka ɗan Baba, wanda shi ne kafil ɗina, wato mai riƙe da takardun aikina, ya ce in shirya, Baba ya matsa sai an kai shi Japan. Shekara uku ina jiran ƙwallo ta zo mini har ƙofar gida, sai ga ni a jirgi. Gaskiya na tafi ina cika ina batsewa.

Mun sauka a wani birni mai sanyin bala'i. Ana gobe za mu dawo, bayan azahar, Baba ya ce a kai shi wani lambu a tsakiyar gari. Na tura kekensa muka wuce wani tafki, sai ga ginin a gabanmu. Bene ne fari mai ratsin shuɗi, da ginshiƙai a gaba da baranda a sama, irin ginin Turawan da, amma tun daga ƙasa har rufi katako ne. Baba ya ɗaga hannu ya nuna barandar.

"Can za ka kai ni, ɗana," ya ce.

Da muka isa ƙofa sai na ga mutane suna cire takalma suna jerawa, suna sunkuyar da kai ga wata tsohuwa mai takunkumi, sannan su shiga shiru. Mu ma muna cire takalmi a bakin ɗaki, amma babban ginin da jama'a suke jera takalma su shiga ba hayaniya, masallaci kawai na sani. Wannan kuwa ba masallaci ba ne. Ga shi a kwanakin na ga wuraren bautarsu nan da can. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa gidan gumaka ne, kuma ƙafata ba za ta taka shi ba.

Da na faɗa, da magana ta ƙare a minti ɗaya. Amma na ji nauyin in gaya wa mai furfura, wanda ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, cewa zai shiga inda bai kamata ba. Sai na dafe ƙugu na ɓata fuska.

"Baba, bayana ya riƙe. Yau ba zan iya hawa bene da kai ba."

"Yalla, daure mana," in ji ɗan. "Gobe za mu tafi."

Na ce ba hali. Gidan ba shi da na'urar hawa, sai matakala. Ɗan ya gwada ɗaga mahaifinsa, amma mutum ne mai teɓa da ciwon gwiwa, ko daga keken bai raba shi ba ya hau haki. Baba ya ce, "Khalas, shi ke nan, ƙyale shi, lafiyarsa ta fi." Ya sa na juya keken ya fuskanci ginin, ya zauna cikin sanyin nan yana kallon barandar. Kusan awa guda muka yi haka, ni kuma ina gefe ina ganin na tsare addinina.

La'asar ta yi, na ciro dardumata zan shimfiɗa a kan ciyawa mai laima. Tsohuwar nan ta fito da sauri tana yi mini nuni da hannu, wai in shigo daga ciki inda akwai ɗumi. Na juya wajen ɗan Baba, bakina ya suɓuce.

"Ka gaya mata na gode, amma ba na salla a gidan gumaka."

Ya tsaya yana kallona. "Waɗanne gumaka? Tsohon masaukin baƙi ne na gwamnati, ya fi shekara ɗari, yanzu kallo kawai ake zuwa yi. Don kada katakon ya lalace ake cire takalmi." Sai ya ƙara da cewa, "Dama ba bayanka ba ne?"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na leƙa ta ƙofa, ba komai sai tebura da kujeru da fitilu masu reto. Baba ya miƙo mini hannuwansa, na durƙusa na goya shi.

Silifas ɗin da ake bai wa baƙi ko rabin ƙafata bai rufe ba, dole na hau da safa. Katakon yana da santsi, yana ƙara duk inda na taka. Tsohuwar, wadda tsawonta bai kai kafaɗata ba, ta biyo mu a baya hannu a sama, wai idan mun zame ta tare mu. Da muka kai sama ta jawo kujera bakin ƙofar barandar, ta nuna agogo ta buɗe yatsunta goma. Wato saura minti goma a rufe.

Na ajiye Baba. Ya daɗe yana shafa katakon ƙofar kafin ya yi magana. Ya ce yana matashi aka turo shi ƙasar koyon aikin gas, ya taho da matarsa suna sabon aure. A wannan baranda ta gaya masa tana da cikin fari. Korona ce ta ɗauke ta, a asibitin da shi ma yake kwance, bai ga gawarta ba, bai yi mata salla ba. Ya ɗaga hannu ya fara yi mata addu'a, ɗan yana kuka, ni ma hawaye suka zubo mini. Bai kai ga shafawa ba aka fara kashe fitilun ƙasa.

A mota na roƙe shi gafara. Ya ce, "Na yafe, ɗana. Tsoron Allah abu ne mai kyau. Amma da ka tambaye ni." Bai ƙara tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa bayan wata huɗu.

Abin da na koya shi ne, idan ban gane abu ba in buɗe baki in tambaya, kada in yanke hukunci ni kaɗai sannan in rufe shi da ƙarya. Dattijon nan ya tsallaka rabin duniya don ya zauna awa ɗaya a wurin da ya fi ƙauna. Minti goma ya samu, sauran kuwa ni na cinye masa.