Kwanson da Baba ya matse

Jiya ina kwashe kaya daga garejin Baba a garin Pleasant Garden, shekara guda da rasuwarsa, sai na ji warin man bindiga da albarushi.

Bindigarsa ta farautar barewa ce, an ƙera ta daidai da kafaɗarsa, kuma bai yarda da harsashin kanti ba. Da hannunsa yake ɗurawa. Sai ya baje kwanson harsashi na tagulla a kan tebur, ya auna kowanne a sikeli, ya ɗaga shi ga haske, ya bi bakinsa da farce. Kan harsashi na dalma kuwa mai nauyi yake zaɓa, wai don barewa ta faɗi nan take, kada ta wahala. Dabba yakan tausaya mata.

Ranar da na gaya masa jami'a ta kore ni, ina tsaye da hawaye, gemai-gemai da ni, bai ko ɗago ba. Ya ɗauki wani kwanso mai ɗan tsagu, ya sa filaya ya matse shi, ƙaras.

"Baba, ai tsagun kaɗan ne."

"Wanda ya tsage ba ya komawa bindigata," in ji shi. Ya danƙa mini shi a tafin hannu. "Riƙe naka."

Daga ranar bai ƙara kiran sunana ba. Kwanson yana aljihuna har yau.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Allah kada Ya ɗaga ka ga haske Ya bi ka da farce.